Yadda ake zaɓa wa yaro mai ekzima man kariya daga rana, da yadda ake shafa shi

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, kuma ko cikin hunturu da ƙura ta rufe sama, ranar tsaka ba ta daina dukan fata. Uwar da ɗanta ke fama da ekzima, ciwon nan na bushewar fata da ƙaiƙayi mai tafiya yana dawowa, tana tsaka mai wuya. In ta bar shi cikin rana, gumi ya tayar da susa, tabon da ciwon ya bari ya ƙara duhu. In kuma ta sayo man kariya ta shafa masa ba ta duba ba, sau da yawa man ne da kansa zai tayar da ciwon da aka sha wuya kafin ya kwanta. 'Ya'yana suna da wannan lalura tun suna ƙanana, kuma abin da zan zayyana a nan shi ne yadda nake yi duk lokacin da zan sayi sabuwar roba.

Akwai masu cewa baƙar fata ba ta buƙatar irin wannan mai. Suna da gaskiya, amma rabi. Baƙar fata ba ta saurin ƙonewa, wannan haka yake. Sai dai wurin da ekzima ta ci ta warke yakan bar tabo, ko baƙi ko fari. Baƙin, rana tana ƙara masa duhu ya daɗe bai goge ba. Farin kuwa ba shi da kariya kamar sauran jiki, kuma idan kewayensa ya ƙara baƙi sai ya fito fili sosai. Ga yara masu hasken fata, ga zabiya waɗanda rana ke iya jawo wa ciwon dajin fata, ga waɗanda likita ya ɗora a kan maganin da ake son a guje wa rana in ana shafa shi. Waɗannan duka suna buƙata.

KAYAN DA ZA KI TANADA

• Man laushin fata marar ƙamshi: farin basilin, ko man kaɗe zalla da ba a haɗa da turare ba, ko wanda likita ya rubuta.
• Maganin shafawar da likita ya ba yaron, in akwai.
• Man kariya daga rana, ƙaramar roba tukuna. Ba a sayen babba kafin gwaji.
• Cokalin shayi, ko murfin awon maganin yara mai alamar 2.5 da 5.
• Hula mai faɗin baki ko ƙaramar malafa, da lema.
• Riga mai dogon hannu ta auduga, sakakkiya ba matsattsiya ba.
• Tawul mai laushi ko tsohon ɗankwalin atamfa da ya sha wanki, don goge gumi.
• Waya mai kamara. Rubutun bayan roba ƙanana ne ƙwarai, sai an ɗauki hoto an buɗa shi ake iya karantawa.

1. Tabbatar da ciwon da kike fama da shi

A kemis da yawa, duk wani tabo a fata ekzima ake ce masa. Ƙyasfi ma haka ake kiransa, alhali shi ƙwayar cuta ce ke kawo shi kuma maganinsa dabam. Makero dabam, ƙazuwa dabam, ƙurajen zafi dabam. Ekzimar da nake magana a kai ba a ɗaukarta daga wani, kuma takan bi gidan da ake da asma ko yawan atishawa. A jariri tana fitowa a kumatu da goshi. In yaro ya tasa sai ta koma lanƙwasar hannu, bayan gwiwa, wuya da wuyan hannu. A fatarmu ba ta cika yin ja ba: wurin yakan yi duhu ko toka-toka, ya yi kaushi, wani lokaci da ƙananan ƙuraje. Babbar alamarta ƙaiƙayin da ke hana barci. In ba a taɓa duba yaron ba, ki kai shi asibiti kafin ki kashe kuɗi a kan mai. A cikin garin Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, akwai asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa.

2. Kwantar da ciwon tukuna

Ba a shafa man kariya a wurin da ya tsage, ko yake ruwa, ko aka sosa har ya yi jini. Komai kyawun man, zai yi raɗaɗi, kuma yaron da ya ji zafi sau ɗaya ba zai sake tsaya miki ba. Irin wannan wuri a rufe shi da tufa mai laushi, a ci gaba da magani da man laushi har ya haɗe.

Ki kuma yi hattara da kirim ɗin nan mai haɗi uku da ake miƙo wa kowa a kemis. In kin ga "clobetasol" ko "betamethasone" a jikin kwalin, magani ne mai ƙarfi da bai kamata ya taɓa fuskar yaro ba sai da umarnin likita. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake son sa, amma in aka daɗe ana shafawa fata takan yi siriri ta ɗashe, rana ta riƙa cin ta fiye da da.

3. Duba ko yaron yana buƙata, da ina, da yaushe

Jaririn da bai kai wata 6 ba, ba a fara masa da wannan mai. Inuwa da sutura su ne kariyarsa. In an goya shi za a fita, a yafa masa mayafi marar nauyi ko a riƙe lema, amma kada a lulluɓe shi ruf har iska ta kasa shiga.

Wanda ya haura haka, ba sai an mulke shi daga kai har ƙafa kullum ba. Wuraren da tufa ba ta rufe ba kawai: fuska, kunnuwa, wuya, bayan hannu, saman ƙafa in silifa ya sa. Yarinya mai hijabi sau da yawa fuska da hannu ne kaɗai.

Lokacin da rana ta fi illa shi ne daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, wato daga hantsi zuwa la'asar. Ba sai da agogo ba: ki sa yaron ya dubi inuwarsa, in ta fi shi gajarta, rana tana da ƙarfi. Ranakun da nake ba muhimmanci su ne na dogon zama a fili: zuwa idi, tsayuwa a Ƙofar Soro kallon hawa, zuwa Daura hawan Magajiya, bin manya gona da damina, ranar wasannin makaranta, doguwar tafiya a kan mashin. Yaron da zai wuni a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, hula ta ishe shi. Zabiya shi ne ban da: nasa kullum ne, ba fashi, ko da hadari.

4. Karanta bayan robar, ba gabanta ba

Nan ne aikin yake. Gaban roba talla ce: hoton jariri yana dariya, da kalmomi irin "baby", "natural", "gentle". Babu ɗayansu da ke tabbatar miki cewa man ba zai tayar da ciwo ba. Ki juya robar.

Abu na farko, sinadarin da ke tare ranar. Iri biyu ne. Akwai na ma'adini, su biyu ne tak: "zinc oxide" da "titanium dioxide". Suna zama a saman fata, ba su cika yin raɗaɗi ba, kuma da wuya su jawo borin fata. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da daftarin doka inda ta sa waɗannan biyun kaɗai a sahun waɗanda take ganin an tabbatar da amincinsu, ta nemi ƙarin bayani a kan mafi yawan sauran. Su nake nema. In biyun suna ciki, madalla. In ɗaya ne, na fi son mai zinc, don ya fi tare nau'o'in hasken rana da faɗi.

Iri na biyu su ne masu dogayen sunaye: "oxybenzone", wanda a wasu robobin ake rubuta shi "benzophenone-3", da "octocrylene", "avobenzone", "octinoxate", "homosalate". Ba wai guba ba ne, miliyoyin mutane suna shafa su lafiya lau. Amma a fatar da ta riga ta raunana sun fi saurin yin raɗaɗi, musamman kusa da ido, kuma oxybenzone da octocrylene an san su da jawo borin fata. Wata roba za ki ga an rubuta "mineral" da manyan baƙaƙe a gaba, in kin juya sai ki tarar an haɗa da waɗannan. Shi ya sa na ce a juya.

Abu na biyu, ƙamshi. Duk inda kika ga "fragrance", "parfum" ko "perfume", ajiye. Mun saba da cewa mai in ba ya ƙamshi ba mai ba ne, amma turare na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ekzima. Man lemo, na lafanda, na na'a-na'a da makamantansu duk suna wannan sahu, ko da an ce daga tsirrai aka tatso su. Kalmar da kike nema ita ce "fragrance free". "Unscented" ba ta kai ta ba, don wani lokaci ana sa wani sinadarin ƙamshi ne don ya danne warin man.

Abu na uku, "alcohol denat." ko "ethanol" a farkon jeri: yana busar da fata, yana zafi. Amma kada "cetyl alcohol", "stearyl alcohol" ko "cetearyl alcohol" su tsorata ki. Su masu maiƙo ne, laushi suke sawa, kuma ba abin sha ba ne. Sai "methylisothiazolinone", wanda ake sawa don kada mai ya lalace. In kin gan shi, ki bar robar. Gaba ɗaya, wanda jerin sinadaransa ya fi gajarta ya fi sauƙin sha'ani, don in an samu matsala ba a daɗe ana lalube.

Abu na huɗu, lambar SPF, mai nuna ƙarfin kariyar man. SPF 15 yana tare kusan kashi 93 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, SPF 30 kusan kashi 97, SPF 50 kusan kashi 98. Kin ga daga 30 zuwa 50 tazarar ba ta da yawa. Kada ki sauka ƙasa da 30. Ga zabiya da mai farin tabo da yawa, 50. Mai lamba 100 kuma bai ninka mai 50 ba, kuɗinsa ne kawai ya ninka.

Lambar SPF ba ta magana a kan ɗaya hasken, wanda ake kira UVA, mai shiga can cikin fata yana ƙara wa tabo duhu, yana ratsa gajimare da gilashin mota. Nasa alamar dabam take. A kayan Amurka za ki ga "broad spectrum". A na Turai, haruffan UVA cikin da'ira. A na Ingila wani lokaci taurari, ki nemi huɗu ko biyar. A na Koriya da Japan, PA da alamar tarawa, uku ko huɗu. In babu ko ɗaya daga ciki, man bai cika ba.

Sai juriyar ruwa. "Water resistant" tare da 40 ko 80 na nufin mintocin da zai jure cikin ruwa ko gumi. Ga yaro mai guje-guje a zafin Afrilu yana da amfani, sai dai ya fi wuyar wankewa.

Na ƙarshe, siffarsa. Kirim mai kauri ya fi dacewa da busasshiyar fata. Wanda ake murzawa kamar janbaki yana da kyau a kewayen ido da kunne, ba ya gangarowa. Na fesawa ba na saya: yawanci akwai sinadarin da ke busar da fata a ciki, iska tana kwashe rabinsa, kuma yaro yana shaƙa, ga shi yara masu ekzima da dama suna da asma. Haka wanda aka haɗa da maganin sauro, a bar shi, don shi man kariya ana maimaita shi sau da yawa, maganin sauro kuwa ba a son yawan maimaita shi a jikin yaro.

5. Duba lafiyar robar kanta

Ni dai a babban famasi ko kanti mai sanyi nake saye, ba a tebur ko baron da ya wuni a rana a Babbar Kasuwa ba. Zafi yana lalata wannan mai tun kafin ranar ƙarewarsa ta zo. Ki duba lambar rajistar NAFDAC, ranar ƙarewa, da ko murfin a like yake. Akwai ɗan hoton gwangwani a buɗe da aka rubuta 6M ko 12M a ciki: watannin da man zai yi bayan an buɗe shi ke nan. In rubutun ya yi dishi-dishi, ko an manna wata takarda a kan ranar ƙarewa, ko farashin ya yi araha fiye da hankali, ki wuce.

Kada ki ji nauyin cewa, "Malam, don Allah miƙo mani in duba bayanta." In ya amsa da, "Hajiya, ai wannan shi ake yayi, har haske yake sawa," to ya gama yi miki bayani. Man da aka rubuta "whitening", "lightening" ko "toning" na bilicin ne da aka ɗora wa lambar SPF, ba ya zuwa kusa da yaro.

In kin isa gida kin matsa kika ga ruwa ya fito dabam, gari dabam, ko yana wari, ya lalace.

6. Gwaji na kwana biyar

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, musamman in an sayi man ana gobe Sallah. Ki saya da wuri.

Ki zaɓi wuri mai lafiya a cikin damtsen yaron ko ƙasan gwiwar hannu ta ciki, ba cikin lanƙwasar da ciwon ke zama ba. Ɗiga kamar ƙwayar wake, ki shafa a fili kamar faɗin murfin kwalbar lemo. Ki bar shi, kada ki rufe. Gobe ki duba, ki sake shafawa a wurin dai, haka har kwana biyar. Dalilin jan lokacin shi ne borin fata iri biyu ne: wani nan take yake bayyana da raɗaɗi, wani kuma sai bayan kwana biyu ko uku. A rana ta huɗu ko ta biyar ki bar hannun ya ɗan sha rana, don akwai sinadaran da ba sa bori sai hasken rana ya taɓa su.

A fatarmu ba ja za ki jira ba. Ki shafa wurin da yatsa: ya yi gurji-gurji? Ya ɗan tasa? Ya fi kewayensa duhu ko zafi? Yaron yana kai hannu wurin? Ki ɗauki hoto ranar farko da ta ƙarshe a haske ɗaya ki kwatanta. Cikin kwanakin nan kada ki canja sabulu, omo ko man shafawa, don kada ki rasa gane mai laifi. In hannu ya karɓa, ki gwada kwana ɗaya a bayan kunne ko gefen muƙamuƙi kafin ki kai fuska.

Man da ya karɓi yayansa ba lalle ya karɓi ƙanensa ba. Kowa da gwajinsa. Kuma in kamfani ya rubuta cewa ya sabunta haɗin, a sake gwaji.

7. Jera shafe-shafen

Man kariya ba ya maye gurbin man laushi. Tsarin shi ne wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a tsane jiki ba tare da gurzawa ba, a shafa man laushi nan da nan tun fata da danshi. Sai a dakata kamar rabin awa, sannan man kariya, sannan a jira minti 15 kafin fita. In aka haɗa su lokaci guda, man laushin yana tsinka na kariyar ya zame, lambar 30 ɗin ta zama a takarda kawai.

Da safen ranar da za a shiga rana, man laushin a sa shi kaɗan a wuraren da ke waje. Basilin mai yawa a fuska da zafi yana riƙe gumi, ƙurajen zafi su biyo baya. A bar mulkewar sai dare.

In akwai maganin likita, shi ma yana son tazararsa. Mai sauƙi shi ne ki tambayi likita ko za a mayar da shi dare, in sau ɗaya ake shafawa. Wanda ake kira tacrolimus, takardarsa ta ce a bar awa 2 tsakaninsa da man laushi a wuri ɗaya, kuma a kare wurin daga rana.

8. Awo da yadda ake shafawa

Lambar da ke jikin roba an same ta ne da shafa miligiram 2 a kowane murabba'in santimita na fata, kuma yawancin mutane ba sa shafa ko rabin haka. Babban mutum, jiki duka, yana cin kusan cokalin shayi 7. Ga ɗan firamare, awon da nake bi shi ne kamar rabin cokali ga fuska da kunnuwa da wuya, rabin cokali ga kowane hannu in rigar gajeren hannu ce. In ba cokali kusa, ki ja layin mai a tsawon yatsunki biyu, manuniya da na tsakiya: ya ishi fuska da wuya.

Ki ɗiga shi ɗigo-ɗigo a goshi, kumatu, hanci da haɓa, sannan ki baje a hankali kina bin kwanciyar gashi, daga sama zuwa ƙasa. Ban da murzawa da ƙarfi ko kewayawa, don gurza fata kan tayar da ƙaiƙayi. Wuraren da ake mantawa: saman kunne, ƙeya, ƙarƙashin ido, da kai in an yi wa yaro ƙwal-kwabo. Tafin hannu kuma a bar shi, don zai kai ido da baki.

Yanzu ga aibin man ma'adini: fari. A baƙar fata yana barin toka-toka, har kakar yara ta tare ki a ƙofa da, "Mi kika shafa ma yaron nan, kamar ya fito daga injin niƙa?" Abin da ba a yi shi ne rage awon don farin ya ɓace, don kariyar ce ke ɓacewa tare da shi. Dabaru uku ne. Ki ɗumama man a tafin hannunki kafin ki shafa. Ki raba awon biyu, ki shafa rabi, bayan 'yan mintoci ki ƙara sauran. Ko ki nemi wanda aka rubuta "tinted", mai "iron oxides" a ciki, launin ƙasa-ƙasa ne da ke sajewa da fata, har ma yana taimakawa wajen hana tabo ƙara duhu. Shi kuma yana ɓata wuyan farar riga da bakin hijabi, sai ki bari ya sha iska kafin a sa tufa. Ɗan makaranta da ya fara jin kunyar tsokanar abokai, mai launin ya fi masa. In ba haka ba a bakin zaure zai goge.

9. Maimaitawa

Bayan kowace awa 2 in ana cikin rana, da bayan gumi mai yawa, da bayan alwala ko wasan ruwa. Kafin ki ƙara, ki jiƙa tawul ki dangwale gumi da ƙura, ki bar wurin ya bushe. Gishirin gumi in aka danne shi ƙarƙashin sabon mai, susa ce za ta biyo.

Ga wani abin lura game da makaranta. Man da aka shafa ƙarfe 7 na safe ya gama aiki kafin a tashi, kuma ranar dawowa gida ita ce mai zafin. Saboda haka shafawar safe ta fitar tara ce kawai. Ga babban yaro, ki koya masa ya murza mai kama da janbakin nan kafin a tashi. Ga ƙarami, ki je da kanki ki yi wa malamarsa bayani, ko ki dogara da hula da lema a hanyar dawowa. Ni na fi dogara da hular, don ba kowace malama ce mai yara cike da aji za ta tuna ba. Zuwa Islamiyya bayan la'asar kuwa galibi ba ya buƙatar komai.

10. Wankewa

Ba a kwana da shi. Man ma'adini yana kama fata, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko soso da sabulun salo a dirje. Ki shafa ɗan man laushi ko basilin a kai tukuna, ki bar shi minti biyu ya narkar da shi, ki goge da tsumma mai laushi, sannan wanka gajere da sabulu marar ƙamshi. Ban da zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka, ban da hoda mai sanyin mantoleta. Ana fitowa, man laushi.

11. In fata ta yi bori

Ki wanke wurin da ruwa mai sanyi, ki ɗora jiƙaƙƙen tsumma, ki shafa man laushi, ki daina amfani da man. Kada ki yar da robar: ki ɗauki hoton bayanta. In wata ta sake yin haka, ki jera hotunan ki nemo sunan da ya maimaitu, ki nuna wa likita.

A tafi asibiti ranar, ba gobe ba, in fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya canja, ko wurin ya fara mugunya ko ɓawo mai launin zuma, ko zazzaɓi ya shigo. Haka in ƙananan ƙuraje masu ruwa, masu kama da juna, suka fito a gungu suna fashewa suna barin 'yan ramuka masu zafi, musamman kusa da ido.

IN BA A SAMU BA, KO KUƊI BAI KAI BA

Man ma'adini mai kyau yana da tsada, kuma ba kowane kanti ke ajiye shi ba. Wani lokaci sai an yi saƙo Kano ko Abuja. In abin da ke akwai mai sinadarai ne kawai, ki zaɓi marar ƙamshi, marar oxybenzone da octocrylene, ki yi masa gwajin kwana biyar ɗin nan. Yara da dama yana karɓarsu. Na manya ma ya halatta in bayansa ya cika sharuɗɗan da na lissafa. Kalmar "kids" a gaba ba ita ce ke aiki ba.

In roba ɗaya ce za ta yi muku watanni, ki ware ta ga fuska, kunne da bayan hannu, sauran jiki tufa ta ɗauka. Don gane yadin da ke tarewa, ki ɗaga shi sama ki dubi rana ta cikinsa: in haske yana ratsowa sosai, zai ratsa zuwa fata. Atamfa mai kyau ta fi shara-sharan yadi. Yadi mai roba-roba irin na rigar ƙwallo yana riƙe zafi, ulu kuma yana sa susa.

Man kaɗe, man kwakwa da basilin suna laushi, ba sa tare rana. Kirim ɗin ƙurajen kunzugu yana da zinc, amma ba a auna shi don rana ba, ba wanda zai ce miki ga yawan kariyarsa. Haɗin gida da ake nunawa a TikTok, na kwaɓa garin zinc da man kaɗe, shi ma haka: garin ba ya bajuwa daidai, wani wuri ya samu wani ya rasa. Ruwan shafawar nan "calamine" kuwa busar da fata yake, mai ekzima ba ya son sa.

Iyayen zabiya su tambaya a asibiti da ƙungiyoyin zabiya, don lokaci-lokaci akan raba man kyauta ko da rangwame.

Robar da kika buɗe, ki rubuta ranar a jikinta da biro. Ki ajiye ta a ɗaki mai inuwa, ƙasan durowa ko kusa da randa, ba kan taga ko cikin mota ba. In za a fita da ita, a naɗe ta cikin tawul a tsakiyar jaka. Wadda ta kwana biyu tun bazarar bara, ki duba watannin da ke jikin hoton gwangwanin, ki matsa kaɗan ki shinshina kafin ta taɓa yaron.